Biyu a Kwance, Ɗaya a Tsaye

Tun da na dawo daga Damagaram 'yan majalisarmu ta unguwar Yalwawa a Dutse ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce yaya abincinsu, wancan ya ce da gaske ne matansu na tuƙa babur, Malam Isiya kuwa kullum tambayarsa ɗaya ce, wai me ya ramar da ni haka a tafiyar da ba ta kai wata ba. Ina ba su amsa guntu-guntu, in yi dariya in canja zance. Yau na ce bari in rubuta abin gaba ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Amma in faɗa tun yanzu, ba yawon buɗe ido na je ba. Yayana Sabo na je nema, kuma tun daga tashar Ringim har na dawo, tsoro bai sake ni ba.

Duk wanda ya san ni ya san tsagar da ke kuncina na hagu, biyu a kwance, ɗaya a tsaye. Ta gidan Madugu Tanko ce, kakan mahaifinmu, wanda ya yi fataucin goro da kanwa tun daga Gwanja har Agadas. Shi ya sa wanzami ya riƙa yi wa duk ɗan gidansa ita, don in an kama wani a hanya 'yan'uwa su gane shi su fanshe shi. Ya kuma rarraba 'ya'yansa garuruwa su riƙe masa ciniki. Audu, kakanmu, ya zauna a Ringim, ya koyi Turanci, ya zama tafintan Baturen mulki. Har yau lambar girman da aka ba shi tana adakar Gwaggo Tasalla, kuma da ita muke yi wa yaran unguwa kuri muna ƙanana. Ƙanensa Baƙo aka kai Damagaram. Game da shi abin da na sani kawai shi ne ya rasu da wuri, kuma ɗansa Isufu ya yi karatun Faransanci har ya zama jakadan ƙasarsu a waje. Ba ma zuwa wurinsu, ba sa zuwa wurinmu, ni kuma ban taɓa tambayar dalili ba.

Yaya Sabo shi ya gaji fataucin, amma da babbar mota. Yana ɗaukar sukari da ganyen shayi da batura ya kai arewa. A lokacin Buzaye na tawaye a can cikin sahara, kowa na ce masa ya dakata, shi kuwa ya ce a lokacin da kowa ke tsoro ake cin riba. Wata ranar kasuwa wani direba ya zo gidanmu na Ringim ya durƙusa gaban Inna, ya ce masu kaki sun kama Sabo a wani gari arewa da Damagaram, sun ce baturan nan na 'yan tawaye ne. Ya ce an tara su da yawa a bariki, ana jiran ayarin motocin soja ya zo ya kwashe su zuwa can ciki. Da Inna ta tambaye shi ina ne can ciki, sai ya sunkuyar da kai. Abin da ya iya faɗa shi ne, sai dai in wani babba na ƙasar ya tsaya masa kafin ayarin ya iso.

Aka aiko mini Dutse. Na nemi izini a wurin aiki, na bar maiɗakina da tsohon ciki, na wuce Ringim. Gwaggo Tasalla, yayar mahaifinmu marigayi, ta ja ni ɗakinta ta ce, “Nasiru, Isufu za ka je wa, ba mu da wani. Amma in ka tsallaka, kada ka ce wa kowa kai jikan Tafinta ne.”

Na ce, “Gwaggo, ai sunan da ke buɗe mana ƙofa kenan.”

Ta ce, “A nan.” Ta juya ta ci gaba da jan carbinta, duk yadda na yi ba ta ƙara kalma ba.

Daga Ringim zuwa Gumel ba abin da ya faru sai tayar da ta fashe mana sau biyu, direban kuma duk sau biyun ya rantse sabuwa ce. A Maigatari na ga iyakar da nake ji ana faɗa tun ina yaro. Na zaci katanga ce ko ƙofa irin ta birni, ashe igiya ce aka ɗaura a jikin ganga, awaki na ratsa ƙarƙashinta ba mai tambayarsu takarda. Namu na wannan gefen suka yi mini wasa da dariya, suka karɓi abin da suka saba karɓa. Na wancan gefen, da ake ce wa jandarma, ba sa dariya. Hausa suke yi tsaf, amma sai sun fara jefo maka Faransanci tukuna su ga yadda za ka rikice. Na rikice yadda suke so, suka sake ni.

Wata tsohuwar Landiroba ta ɗebe mu cikin rairayi zuwa Dungas, mu da buhunan gero da wata Hajiya mai sayar da atamfa wadda ta ɗauke ni kamar ɗanta tun da ta ji ina karanta addu'ar tafiya da ƙarfi. A Dungas na zauna wurin wata tsohuwa mai fura. Su hura suke cewa, kuma tasu ta fi tamu yaji, ba sa ma tsayawa dama ta ta yi laushi. Ta miƙo mini ƙwarya, hannuna ya kai, sai ta tsaya tana kallon kuncina.

Ta ce, “Kai na gidan Madugu Tanko ne.”

Na ji daɗi, Allah ya sani. Na ce, “Ƙwarai kuwa, Iya.”

“Na wane ɗaki? Na Baƙo, ko na mai nuna yatsa?”

Ban gane ba, na ce ni dai daga Ringim nake. Ta janye ƙwaryar, ta juye furar cikin ta gabanta, ta ce ta ƙare. Ga ta nan cike ina gani. Wani dattijo da ke zaune ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya bar wurin. Gwaggo ta ce kada in faɗi sunan, amma ta manta a fuskata yake rubuce.

Sai na yi wautar da har yanzu in na tuna nake jin kunya. Na shiga kasuwa na sayi baƙin yadi mai tsawo, na naɗa rawani, na ja shi ya rufe mini kunci da baki, idanu kawai a waje. Na shiga mota ina jin na yi dabara. Hajiya ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, lahiya?” Na ce ƙura ce ke damuna. Ban yi tunanin cewa a ƙasar da ake farautar masu rufe fuska nake ba.

Kafin mu shiga Damagaram akwai shinge. Wani jandarma ya leƙo, idonsa ya sauka kaina, ya yi ihu da Faransanci. Kafin in ankara an finciko ni waje, an durƙusar da ni a kan kwalta mai zafi, bakin bindiga a ƙeyata. Na yi kalmar shahada. Na tuna Inna, wadda za a je a ce wa 'ya'yanta biyu sun tafi. Hajiya ce ta diro daga mota tana tafa hannu tana cewa, “Ku dubi naɗin mana! Wane Buzu ne zai yi wannan naɗi kamar an ɗaure ƙullin goro? Ɗan Najeriya ne, wallahi ko raƙumi bai taɓa hawa ba!” Suka warware rawanin, suka ga fuska, suka ga yadda nake rawar ɗari cikin wannan rana, ɗayansu ya fashe da dariya. Suka riƙe yadin, suka ce in ɓace musu.

Masu tambayar yadda Damagaram take, ga abin da na iya gani: duwatsu manya-manya a tsakiyar gari kamar namu na Dutse, gidajen ƙasa masu zane a goshi, da burodi dogo kamar sanda, mai tauri, wanda ya kusa cire mini haƙori. Da gaske ne mata na tuƙa ƙananan babura, kuma ba mai juyowa ya kalle su. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da rana ta take kowa ke rufe ofis da kanti ya tafi barci, sai wajen la'asar a buɗe. Na yi dariyar wannan al'ada da na fara ganinta, ban san za ta kusa kashe ni ba.

Gidan Jakada ba wuyar samu, kowa a tsohon birni ya san shi. Wata mata mai kimanin shekaruna ta fito, ta ce sunanta Hadiza, 'yarsa ce. A kuncinta na hagu na ga biyu a kwance, ɗaya a tsaye. Ita ma ta ga tawa. Ba ta yi murmushi ba, ta ce in shigo zaure.

Jakada Isufu dattijo ne dogo, siriri, cikin farar riga, idanunsa sun yi fari fat, ciwon sukari ya cinye su. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, ni ne Nasiru, daga Ringim.” Ya ce in matso. Ya ɗora yatsunsa a kuncina, ya bi tsagar a hankali, sannan ya janye hannunsa ya goge a rigarsa. Na kwashe labarin Sabo na faɗa masa. Ina magana ina jiran a kawo ruwa, domin a duk ƙasar Hausa ko maƙiyinka ne ya shigo zaure sai ka ba shi ruwa. Ba a kawo ba.

Ya ce, “Ba a ba ka ruwa ba ko? Na sani. Me aka faɗa muku game da ubana?”

Na ce an ce ya rasu da wuri.

“Haka ne, da wuri.” Ya gyara zama. “Zamanin aikin dole, Faransawa suka ce ya ba da raƙumansa da mazan gidansa a kai su fasa dutse a hanyar arewa. Ya ƙi. Ya kwashe mu ya tsallaka ƙasar Ingilishi, ya ce yayansa na tare da Bature, ba abin da zai same mu. Kumandan Faransawa ya biyo mu har kasuwar Maigatari, Baturenku ya zo da tafintansa. Bature bai san fuskar baƙin mutum ba, duk ɗaya muke a idonsa. Ubana ya shiga cikin masu sayar da shanu, ya ja amawali ya rufe kuncinsa.”

Na tuna baƙin yadina.

“Kakanka ya ce kowa ya sauke amawalinsa. Ya bi layi yana duba fuskoki. Ina riƙe da rigar ubana, ban kai shekara goma ba. Ya zo kanmu, ya nuna. Ya nuna duk mai wannan tsaga. Ko kabarin ubana ban sani ba. Ni kuma da na zama maraya aka jefa ni makarantar Faransawa, don ba mai tsaya mini. Jakadancin da kuke ji, daga nan ya fito.”

Na ce, “Baba, wallahi ban sani ba.”

“Na san ba ka sani ba. Ku lambar kuka gada, mu labarin.” Ya juya fuskarsa wajen bango. “Ka zo gobe da hantsi.”

Bai ce zai taimaka ba, bai ce ba zai taimaka ba. Na kwana a wani masauki kusa da tasha, ɗaki ɗaya da wasu masu sayar da albasa da suka yi ta ba ni shayi mai ɗaci a ɗan ƙaramin kofi, zagaye bayan zagaye, suna cewa ƙin karɓa rashin ladabi ne. Abin da ke raina shi ne, mutumin da ya riƙe wannan magana shekara da shekaru, me zai je ya ce wa masu kaki a kan jikan Tafinta? Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta fito da Sabo, kalma ɗaya kuma ta isa ta haɗa ni da shi.

Da hantsi na tarar har sun shirya. Hadiza ce ke tuƙa wata tsohuwar Fijo, Baba a gaba, ni a baya. Muka nufi arewa. Itatuwa suka yi ta raguwa, muka wuce wata babbar mota da ta ƙone ƙurmus a gefen hanya. A kowane shinge Hadiza ta faɗi sunan mahaifinta sai a sara masa a ɗaga igiya. Garin da muka je ba zan faɗi sunansa ba. Mun isa rana ta take, mai gadin bariki ya ce kumandan ya tafi barci, sai la'asar.

Muna zaune ƙarƙashin wata aduwa sai na ji ƙasa na rawa. Motocin soja ne, manya, masu rufin tamfol, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Ayarin ya iso. Na ga ana zuba musu mai, ana sauke ƙofofin baya. Na ce, “Baba, don Allah a taso shi.” Ya ce, “Wanda aka tasa daga barci ba ya yin alheri. Zauna.” Ban taɓa ganin rana mai nauyin tafiya irin ta ran nan ba.

Kumandan ya fito, matashi ne mai tsabta, ya karɓi Baba da girmamawa ƙwarai. Suka yi ta Faransanci, ni jikan tafinta ina tsaye kamar gunki ban san ko ana sayar da ni ba ne. Daga baya Hadiza ta raɗa mini. Kumandan ya ce sunaye ba su da amfani, kowa a ciki ƙaryar suna yake yi, maganata kuma ba ta da nauyi tunda ni baƙo ne. In da gaske Sabo ɗan gidan Jakada ne, to Jakada ya fitar da shi da kansa, ba mai nuna masa, ba mai magana. Ta ce, “Hanyar ƙi ce. Ya san Baba ba ya gani.”

Aka fito da waɗanda ake tsare da su tsakar bariki, aka tsugunar da su layi guda. An aske musu kai, fuskoki sun kumbura. Ni kaina sai da na duba sau biyu kafin na gane Yaya Sabo, can wajen tsakiya, leɓensa a fashe. Ya gan ni, ya buɗe baki, soja ya ɗaga gindin bindiga, ya rufe.

Baba ya ce wa Hadiza ta kai shi farkon layi ta sake shi. Ya sunkuya, ya ɗora yatsu a kuncin na farko, ya wuce. Na biyu, ya wuce. Haka ya yi ta bi, a hankali, rigarsa na jan ƙasa. Ya iso kan Sabo. Na ga yatsunsa sun tsaya, sun bi biyun da ke kwance, sun hau ɗayar da ke tsaye. Na saki numfashi.

Sai ya ɗauke hannunsa ya wuce.

Ban san lokacin da na zube ƙasa ba. Baba ya ci gaba da shafa fuskoki har ƙarshen layi, injin motocin na ruri a bayanmu. Na ƙarshen wani saurayi ne, da ganinsa ɗan tireda ne irin waɗanda ke bin motoci. Da Baba ya taɓa shi zai ɗauke hannu, sai saurayin ya cafke hannun da nasa biyu, ya danna a kuncinsa, kunci sumul ba ko ɗigo, ya ce, “Baba, ni ma naka ne. Don Allah, ni ma naka ne.”

Baba ya daɗe a tsaye a wurin. Sannan ya zare hannunsa, ya juyo yana lalube kai bayan kai, har ya dawo kan Sabo. Ya kama kafaɗarsa ya miƙar da shi, ya faɗa da Hausa yadda kowa zai ji, “Wannan ɗana ne.”

Ya roƙi kumandan a kan saurayin nan ma, na ji muryarsa ta canja ko da ban ji yaren ba. Kumandan ya girgiza kai. Muna fita ana loda su.

A mota Sabo ya kwantar da kai a cinyata yana kuka kamar yaro. Mun yi nisa kafin na iya cewa, “Baba, ai ka gane shi tun farko.”

Ya ce, “Hannuna ya gane shi. Na so in ga ko zan iya wucewa. Kuma na iya, Nasiru, kada ka ɗauke ni waliyyi. Wancan yaron da ba mai nemansa, shi ya komo da ni.”

Da muka isa gidansa Baba ya sa aka kawo ruwa a moɗa, ya riƙe da hannunsa ya ba Sabo, sannan ya ba ni. Muka kwana biyu a cikin gidan, ba a zaure ba, Hadiza na gasa wa Sabo jiki. Motar da kayan sun tafi, ba wanda ya ƙara zancensu. Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, sai dai a Dungas na sauke kaina ƙasa har muka wuce rumfar mai fura.

Da Inna ta ga Sabo ta yi sujada a tsakar gida. Gwaggo Tasalla ta dube ni, na dube ta, ta gane na ji. Ba ta ƙara fito da lambar nan ba. Ni kuwa, Malam Isiya, ga amsar tambayarka: ba yunwa ce ta ramar da ni ba. Da na ɗaga loma sai in ji muryar saurayin nan, kuma ko sunansa ban tambaya ba, balle in je in faɗa wa uwarsa inda na gan shi.

Na tarar maiɗakina ta sauka, namiji. Ranar da wanzami ya zo, ƙanenta, wanda ya yi karatu a Kano, ya ce yanzu an daina wannan, cutar da yaro ne kawai, malamai ma sun hana. Ban yi masa musu ba, domin na fi shi sanin abin da tsagar nan ta taɓa jawowa. Wanzami ya zaro aska ya tsaya yana kallona, yaron na barci a hannuna, kuncinsa sumul. Na juya masa gefen hagu.

Na ce, “Yi masa. Biyu a kwance, ɗaya a tsaye. Ka yi ta yadda ko makaho ya shafa zai gane.”